Yadda Muka Ɗauke Ɗakin Gwaggo

A tsohon garin Maraɗi, can ƙasa cikin fadama kusa da Gulbi, unguwarmu hanya biyu gare ta. Akwai ta maza, wadda ke bi ta ƙofar zauruka, tana karkacewa yadda ta ga dama har ta kai masallaci. Akwai kuma ta mata, wadda baƙo ba ya gani ko da ya shekara a cikinmu. A bayan kowane gida, inda darnin kara ya haɗu da na maƙwabta, akan bar ƴar kafa daidai wucewar mace idan ta sunkuya, a rataya mata guntun tabarma. Ta nan Inna ke bi ta je barka, ta je ta'aziyya, ta ɗebo wuta, ba tare da ta taka waje ba. Ina ƙarama nakan shiga kafar gidanmu da hantsi in ɓullo can ƙarshen unguwa, na ratsa tsakar gida bayan tsakar gida, kowace da ƙamshinta: nan daddawa, can turaren wuta, gaba kuma jiƙaƙƙen gero. Har yau idan na yi mafarkin ƙuruciya, a sunkuye nake ganin kaina, ina ɗaga tabarma, ban san irin hasken da zan tarar a wancan gefe ba.

A kan wannan hanya ƙungiyar matan unguwa ta rayu. Ba ta da ganga, ba ta da ranar taro. Maza suna da tabarmarsu a ƙofar mai unguwa, inda suke yanke maganar rijiya da gyaran masallaci. Samari suna da sarkinsu, mai kiran gayya idan za a yi noma ko ɗaurin jinka. Mata kuwa saƙo ne ke bi daga kafa zuwa kafa, kafin ruwa ya tafasa an san wadda ta haihu da wadda za a taya daka. Uwar ƙungiya wata ƙatuwar tsohuwa ce mai sayar da hura, muryarta kamar ta mai shela. Ta wuce shekarun kulle, saboda haka ita ke bin hanyoyin biyu duka. Mai hura kowa ke ce mata.

Cikin ayyukan ƙungiyar akwai guda da maza ba su san da shi ba, shi ne Gwaggo.

Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma duk unguwa haka ake kiranta. Daga wajen Jiratawa aka auro ta, daga cikin Anna, manoman nan masu bin al'adar kakanni. Ta shigo gari ta koyi salla, ta zauna da mijinta marini har ya rasu. Ƴaƴan da ta haifa ba wanda ya rayu, sai ta goye na mutane; rabin magidantan unguwa sun yi barci a bayanta. Da na yi wayo na tarar idanunta sun yi yana. Kullum tana bakin ƙofarta da mazari tana kaɗi, maza su wuce su gaishe ta, suna zaton da zaren nan take ci. Zaren kuwa ya daɗe da daina sayuwa, duk ƙulli ne da kauri.

Mu muke ciyar da ita, amma ba a taɓa faɗin haka da baki ba, ko a tsakanin mata. Kowace rana akwai gidan da abin ya faɗo wa. Idan ranarmu ce, Inna ta zuba tuwo a akushi, ta rufe da faifai, ta ce in bi ta kafa in kai. Abin da zan faɗa ma an tsara shi tun kafin a haife ni:

"Gwaggo, Inna ta ce ki ɗanɗana mata miyar ga, ta kasa gane abin da ya rage."

Sai ta ja tsaki, ta aje mazari. "Uwarki har yanzu ba ta iya miya ba? Aje nan, sai na samu sukuni."

Da yamma in koma in ɗauki akushi wankakke, tare da hukunci. "Ki ce mata daddawa ta yi yawa. Kuma kuɓewar ga ta bara ce, kada ta ruɗe ni." Inna takan yi dariya har da hawaye, amma na lura idan ranarmu ta zagayo sai ta rage daddawar. Da haka Gwaggo ta zama alƙaliyar tukwanen unguwa. Amarya ba ta samun kwanciyar rai sai ranar da aka dawo mata da akushi aka ce Gwaggo ta ce ba laihi. Ko ta san abin da muke yi, ko ba ta sani ba, ban taɓa tambaya ba.

Sai shekarar da Gulbi ya shigo gari. Ina lakwal a lokacin, wato makarantar boko, ajin ƙarshe, cikin ƴan matan da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ruwa ya zo ja wur, ya zauna cikin ɗakuna, katangu suka narke kamar curin hura a cikin nono. Muka hau tudu da tukwane a ka da kaji a hammata. Kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, ya ce ba mai komawa fadama, a bisa tudu za a kafa sabon gari. Mai awon ƙasa ya zo da sarƙa da turaku, ya ja hanyoyi miƙaƙƙu, masu faɗin da garken shanu zai wuce ba su gogi juna ba. Ni dai abin ya ba ni sha'awa. Nakan tsaya da maraice in dubi turakun nan sun tafi sambal har inda ido ya gaji, kamar an shimfiɗa wa ƙasa sabon littafin rubutu ana jiran wanda zai fara sa alƙalami.

Tsoron kowa shi ne a watsa unguwa, wannan gabas wancan yamma. A nan ƙungiyar maza ta yi abin da har yau nake tinƙaho da shi. Baba tela ne, yana yi wa ma'aikatan bariki ɗinki, a bakinsu ya tsinci ɗan Faransanci. Shi da mai unguwa suka yi ta zarya zuwa bariki, suna wuni cikin rana, a kore su su koma, har aka yarda a bar mu tare. Muka samu yanki guda, gidaje baya da baya, da filin masallaci a ƙetaren babbar hanya. Kusa da filin masallacin akwai wani fili tilo mai itacen aduwa, yana kallon ƙofar mai unguwa. Maza suka ce wannan na Gwaggo ne. Ga inuwa, ga kiran salla a kunnenta, ga idonsu a kanta kullum. Samari suka tafi garin Tsibiri suka ɗauko kara da shuci, ɗakinta aka fara ɗaurawa kafin na mai unguwa kansa. Ranar da aka gama, Baba ya shigo gida yana taku kamar wanda ya dawo daga Makka.

"Kin ga inda munka sa Gwaggo? Ko uwar sarki sai haka."

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba. "Wa ke bayanta, Malam?"

"Bayanta? Ba kowa. Hili ne, iska ta ko'ina."

"Uhm," in ji Inna. Baba bai ji wannan uhm ɗin ba. Ni na ji.

Kafin a gama kafa darnuka, mata sun huda kafofinsu, hanyarsu ta dawo da rai. Amma ba wadda ta kai ga Gwaggo. Tsakaninmu da ita akwai babbar hanya, kuma a bakin hanyar tabarmar maza take.

Ranar farko da na fito da akushi, sai na ji kamar ban iya tafiya ba. Hanyar da nake yaba wa faɗi ta zame mini kogi. Masu tabarma suka bi ni da ido, mahaucin unguwarmu ya ce, "Ƴar lakwal, ina za a da ƙamshi haka anka wuce mu?" Na yi murmushi na wuce. Gwaggo ta karɓa, amma ba ta ja tsakin nan nata ba, kuma da na koma ɗaukar akushi ba ta aiko da hukunci ba. Haka aka yi ta yi, yau ɗiyar wannan gida, gobe ta wancan, kowa na gani. Rannan ina dab da ƙofarta, wata mata daga wata unguwa ta zo wucewa da tulu a ka. Ba ta san mu ba, kuma da zuciya ɗaya ta yi magana, da ƙarfi, yadda masu kirki kan yi:

"Allah shi ba da lada, ɗiya! Ciyar da gajiyayye, ai ba sadakar da ta hi ta."

Mazari ya tsaya a hannun Gwaggo. Na durƙusa na fara, "Inna ta ce ki ɗanɗana mata..."

"Mai da mata," ta ce a hankali. "Daga nan na ji ƙamshi, komi ya ji. Ta iya miya yanzu, ba ta da sauran bukatata."

Daga ranar ba ta ƙara karɓar akushin kowa ba. An gwada aikawa da sassafe, an gwada ɓoyewa a ƙarƙashin zane, ta ce ita ba kayan sata take karɓa ba. Ƴaƴan aduwa take tsotsa ta kora da ruwa. Wuyanta ya fara tsawo, zanenta ya fara yi mata yawa. Sai muka ji ta ba wani mai kawo albasa daga Jiratawa saƙo zuwa ga ɗan ƙanenta, ya zo da jaki ranar kasuwar Juma'a ya tafi da ita.

Na je na same ta hannu rabbana. Tana lalubar ƴan kayanta tana ɗaurewa cikin tsohon zane.

"Gwaggo, da gaske tahiya za ki yi?"

"Zama na yi, ɗiyata, har na gaji da shi." Ta juya fuska wajen fadama, ko da yake ba ta ganin komai sai hazo. "Can dangina ne, ba su barina da yunwa. Amma waɗanda sunka san ni da baƙin kitso duk sun kwanta. Zan zama baƙuwa mai hurhura, yara na tambaya wace ce wagga. Mijina shina nan ƙasa, da ƴan jariraina. Ruwa ya shahe wurin, amma na san inda zan juya in gaishe su."

"To ki zauna mana."

"In zauna bakin hanya a riƙa samun lada da ni?"

Na durƙusa kusa da ita. Na taya ta ƙulle bakin zanen, na fito ina haɗiyar hawaye.

Mata suka taru a tsakar gidanmu, kowace ta ɓullo ta kafar gidanta. Aka kewaye turmi ana surfe don kada maza su gane taro ake. Wasu suka ce a faɗa wa maza gaskiya. Wasu suka ce abin da iyaye suka rufe shekara da shekaru ba su za su buɗe ba, don namiji in ya ji sai ya mai da shi abin faɗi. Matar mahauci ta ce ita nata mijin ko kaza ta yi ƙwai sai kasuwa ta ji. Mai hura ta bar su suka gaji, sannan ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Ɓoyon ga don mutuncinta anka yi shi. In shi zai kore ta daga gari, to ya gama aikinshi. Ke ƴar lakwal, ɗauko mini ƙwaryata ki biyo ni."

Bayan la'asar ne, tabarma ta cika. Mai hura da mai unguwa taubasai ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Tun daga nesa ya fara.

"Ga baiwata nan ta kawo gaisuwa. A matsa mata, kada ta zauna bisa wani a yi jana'iza."

"Bawan banza, rawaninka ya hi kanka nauyi. Tambaya na zo da ita. In kun amsa, hurar ga taku ce kyauta."

Aka yi dariya, aka gyara zama. Ta nuna ɗakin Gwaggo da haɓa, can ƙetaren hanya.

"Kun ce kun sa ta inda idonku ke kanta. To, masu ido, tun da munka hau tudun ga, wa ya ga hayaƙi ya tashi a gidan can?"

Maza suka juya suka dubi ɗakin. Ta ci gaba:

"A bar ta tudu. Tun ranar da marini ya rasu, wa ya taɓa ganin hayaƙinta?"

Na ga fuskar Baba tana sauyawa sannu-sannu, kamar gona idan inuwar gajimare ta bi ta kanta. Mai hura ta rage murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba, ta faɗa musu komai, tun daga ɗanɗanon miya har zuwa matar mai tulu da jakin da ke zuwa ran Juma'a.

"Duk shekarun ga kuna wannan, ba wadda ta faɗa muna?" in ji Baba. Muryarsa ta wanda aka ƙware ce, kuma ina ganin yana da ƴar gaskiya.

"Da mun faɗa, da liman ya sa ta cikin wa'azi."

Liman yana gefe da tazbaha. Ya buɗe baki, ya rufe, sannan ya ce, "Wallahi da na sa." Dariyar da aka yi ta ɗan sassauta wurin.

Mai unguwa ya ce a koma bariki a nemi musanya. Baba ya girgiza kai, ya ce turken da Nasara ya kafa ba ya tashi, kuma in suka koma za a ce ba su san abin da suke so ba. Wani ya ce shi zai ba ta ɗaki a gidansa. Mai hura ta ce wadda ta ƙi akushi ba za ta karɓi ɗaki ba, gidanta take so komin ƙanƙantarsa. Baba ya daɗe yana wasa da tsinke a ƙasa. Can ya ja layi, ya gicciya wani a kansa.

"Ku duba. Nan bayan gidana, nan na mai unguwa, nan na liman, nan na mahauci. Kusurwa huɗu sun haɗu wuri guda. In kowa ya ja darninshi baya kaɗan, mi ya hito?"

"Hili," in ji liman.

"Aljihu," in ji Baba. "Riga daga waje ba ta sauya ba. Nasara ya duba hanyarshi ya gan ta miƙe. Amma ciki akwai wurin aje abu mai daraja."

Mahauci ya sosa ƙeya. "Ni fa a kusurwar ga turken ragunana yake."

"Wa ta goye ka damanar da uwarka ta kwanta ciwo?" in ji Mai hura. "Ragon?"

"Haba Mai hura, cewa na yi akwai turke. Ban ce ba shi ciruwa ba."

Kusurwar gidanmu kuwa, a nan na dasa reshen lallen da na ceto daga tsohon gida, kuma a nan Baba ya yi mini alkawarin ƴar rumfar karatu. Ya ɗago ya dube ni inda nake tsaye da ƙwarya. Na sunkuyar da kai, ya gane na yarda. Na ji zafi, amma irin na sabon kitso, wanda ake ji ana murna.

Kafin mu tafi Mai hura ta ja musu kunne. "Kada wanda ya je mata da tausayi. Roƙo za ku je yi."

Ran Juma'a da hantsi ɗan ƙanen ya iso. Dogon mutum ne, da warki a ƙugu da gatari a kafaɗa, jakinsa ɗauke da gero da ya kawo don yi wa maƙwabtanta godiya. Shi kaɗai ne a duniya take gwaggonsa ta jini. Kayanta na ɗaure a bakin ƙofa. Sai ga mai unguwa da liman da Baba da mahauci sun ƙetaro hanya, suka cire takalma, suka durƙusa gabanta kamar a fada. Ni da Mai hura muna gindin aduwa.

"Gwaggo, bukata ta kawo mu," in ji liman. "Masallaci ba shi da haraba, yara na karatu cikin rana. Hilinki muke roƙo, da inuwar ga." Wannan gaskiya ce, an daɗe ana ƙorafinta.

"Ai tahiya za ni yi. Ku ɗauka."

"Ba mu karɓar hilin wadda ta bar gari da hushi, ba shi albarka," in ji mai unguwa. "Musanya muke so." Ya kwatanta mata wurin da kusurwoyi suka haɗu.

Ɗan ƙanen ya sauke gatarinsa ƙasa. "Ni ban gane ba. An aiko mini gwaggona na cikin wahala, na bar aikina na taho. Mu ba mu da masallaci, amma tsohuwa ba ta tsotsar aduwa a gidanmu."

Maganar ta shige su. Na ga mahauci ya sunkuyar da kai har gemunsa ya taɓa ƙirji. Baba ne ya amsa, kuma ban taɓa jin girmansa kamar ranar ba.

"Ka faɗi gaskiya, ɗan'uwa. Girmamawa munka nufa, munka yi ɓarna. Ka ba mu yinin yau kaɗai. In rana ta faɗi ba ta gamsu ba, mu da kanmu za mu ɗora ta bisa jaki."

Gwaggo ta juya fuska wajen aduwa, inda muke tsaye. Can ta ce, "Ƴar lakwal na nan? Zo, ke ba ki iya daɗin baki ba tukuna. Wurin ga da suke faɗi, mi ke cikinshi?"

"Lallena na nan, Gwaggo, ya fara toho. Sai sama, daidai ke ɗaya."

"Sama ba a miya da ita. Ƙofa fa, ina take kallo?"

"Ba ƙofa bisa hanya. Kafa ce ta kowane gefe, zuwa gida huɗu."

Ta lalubi ƙullin kayanta, ta dafa shi, ta daɗe hannunta na kai.

"Ban ce na zauna ba. Amma tun da kuka roƙa, sai in je in ji wurin. Ɗakin ga samari sunka ɗaura mini, ba ni son wani, a ɗauke shi yadda yake. Kuma gayyar tawa ce, ba ta mai unguwa ba. Ni ke ciyar da ma'aikata."

Aka dubi juna. Da me za ta ciyar? Sai ta juya wajen ɗan ƙanenta. "Kai, tsaye kake kamar rimi? Sauke geron ga, a kai gidan tela a surfa." Mutumin ya dube ta, ya dubi maza huɗu a durƙushe, a karon farko ya yi dariya.

Ana saukowa daga Juma'a sarkin samari ya kira gayya. Mahauci, wanda ya riga ya cire turkensa da hannunsa, ya zo da mai kalangu. Aka kwance zana, aka tumɓuke dirkoki, samari suka shiga ƙarƙashin jinka suka ɗaga ta ɗungum. Daga nesa sai ka ce wata ƙatuwar malafa ce ta yi ƙafafu tana rawa. Ɗan ƙanen ma ya shiga, amma da yake ya fi kowa tsawo sai jinkar ta karkace, ana ta ihu, "Baƙo, rage tsawo!" Ranar ce kaɗai faɗin hanyar nan ya yi mana amfani.

Suna tsakiyar hanya wani gardi, dogarin kumandan, ya ɓullo da bulalarsa. "Kai! Ina za ku da ɗaki?"

"Ya gaji da zama, shan iska za mu kai shi!" in ji sarkin samari daga ƙarƙashin shuci.

Baba ya ja gardin gefe, ya haɗa Faransancinsa da Hausa ya nuna masa turaku duk suna inda aka kafa su. Mutumin ya dubi hanya gabas, ya dube ta yamma, ya gan ta miƙe. Ya shanye ludayin hura biyu ya tafi.

Aka buɗe darninmu jinka ta shige. Mata suna bakin ɗakuna suna guɗa, wadda ba ta taɓa ganin mijin wata ba ranar ta gani, ba wanda ya ce uffan. Na tsaya a kan turmi ina kallo, tabarmar maza da hanyar mata da gangar samari sun haɗu a kan abu guda, sai na ji ƙirjina ya yi mini kaɗan. Na yi karatu bayan haka a wurare masu nisa, na ga ƙungiyoyi masu shugaba da hatimi, amma idan aka tambaye ni mutanen ina ce ni, wannan yinin nake tunawa kafin in amsa.

Tuwon geron Jiratawa ya nuna ana gama ɗaure zana. Gwaggo ta zauna a kan kujera a bakin sabuwar ƙofarta, tana ba da umarni wa za a fara zuba wa, wa za a ƙara wa miya. Da samari suka ƙoshi, Mai hura ta jawo akushi ta zauna kusa da ita.

"Mai gayya, ko guba kika sa muna da ba ki ci?"

"Matsa, kin cinye wurin zama za ki cinye tuwo." Ta wanke hannu ta sa. Inna ta juya baya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi, kafaɗunta na rawa.

Rana ta yi ja, ɗan ƙanen ya kwance jakinsa ya jawo shi har tsakar gidanmu. Baba ya zo ya durƙusa.

"Gwaggo, rana za ta faɗi. A ɗora ki?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. "Tela, kafar wajen gidanka ta yi ƙunci, Mai hura ba ta wucewa. Gobe a faɗaɗa ta." Sannan ta miƙa hannu, ɗan ƙanen ya sunkuyo, ta shafa kansa tun daga goshi har ƙeya. "Allah shi yi maka albarka, ka hita kunyar ubanka. Ka ce da mutanen gida ina nan tahe bayan an gama sussuka. Ganin gida fa, ba zama ba."

Ya fita da jakinsa ba kaya, ya gangara wajen fadama. Ta karkata kai tana sauraron takunsu har ya ɓace cikin hayaniyar masu tashi daga kasuwa. Sannan ta turo mini ƙullin nan da ƙafa.

"Ke kika ƙulle shi da ƙarhi haka. Zo ki kwance."